Na'urar auna suga da ake mannawa a damtse: ta dace da Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifinmu yana da shekara 68, ya shekara 14 da ciwon suga, yanzu yana yin allurar insulin gauraye safe da yamma. A watan nan sau biyu muna samunsa cikin dare ya jiƙe sharkaf da gumi, yana magana ba kan gado, sai da muka ba shi shayi mai sukari ya dawo hayyacinsa. Amma da safe in mun gwada sai mu ga 180 ko 200. Yayanmu da ke Ingila ya ce zai aiko da na'urar nan da ake mannawa a hannu tana nuna suga a waya. Abin dogaro ce? Za mu daina huda masa yatsa? Kuma zai iya yin azumi da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri.

Ku ce wa yayanku ya aiko. Dattijo mai allurar insulin wanda sugansa ke faɗuwa cikin dare, shi ne mutumin da ya fi kowa cin moriyar wannan na'ura. Amma akwai abin da ba zai jira saƙo daga Ingila ba. Gumin nan da ruɗewar nan alamun faɗuwar suga ne, kuma sau biyu a wata guda ba ƙaramin abu ba ne. Ku kai shi wurin likitansa cikin makon nan, ku faɗa masa kamar yadda kika rubuta mini.

Insulin gauraye, wanda za ki ga an rubuta 30/70 a jikin kwalbarsa, kashi biyu ne a haɗe. Kashi 30 yana aiki da wuri domin abincin da ke gaba, kashi 70 kuma yana tafiya a hankali, ƙarfinsa yana kaiwa ƙololuwa wajen awa 4 zuwa 8 bayan allura. In Baba ya yi allura bayan Magariba, to tsakanin 12 na dare da ƙarfe 3 ne allurar ke kan ganiyarta, lokacin da tuwon dare ya daɗe da narkewa. In ya ci kaɗan a daren, ko kuma ƙodarsa ta fara rauni, wanda hakan kan sa insulin ya daɗe a jiki, sai suga ya yi ƙasa. Abin da ya fi ba ni tsoro a tambayarki shi ne 200 ɗin nan ta safe. Wanda bai san abin da ya faru cikin dare ba, in ya ga 200, ƙara allurar yamma zai yi, kuma ita ce ainihin allurar da ke kayar da Baba. Lambar safe guda ɗaya ba ta iya gaya miki ko suga ya kwana a sama ne, ko kuwa ya faɗi da ƙarfe 2 ya sake hawa kafin asuba. Amfanin na'urar ke nan a gare ku.

Likitoci na ce mata CGM, wato na'urar da ke auna suga ba yankewa dare da rana. Abin da ake mannawa, wato sensa, wani ɗan faifai ne fari, faɗinsa bai wuce na murfin kwalbar lemo da yawa ba, sababbin ma ba su kai shi ba. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn zare mai laushi, tsawonsa wajen milimita 5, wanda ke zama a ƙarƙashin fata. Allurar da ta shigar da zaren tana fita tare da abin da ake danna sensar da shi, ba ta zama a jiki. A jikin zaren akwai wani sinadari da in ya haɗu da suga yake haifar da 'yar wutar lantarki, ita ce na'urar ke aunawa ta mayar da ita lamba. Ta kamfanin Dexcom tana aiko da lamba duk minti 5, wato sau 288 a yini. FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott tana aunawa duk minti ɗaya. Ba sabon abu ba ne sosai: tun 1999 aka amince da ta farko a Amurka, sai dai a lokacin mara lafiya ba ya ganin komai, kwana 3 yake yi da ita ya mayar wa likita ya zazzage sakamakon a kwamfuta. Fitowar Libre a Turai a 2014 ce ta sa abin ya shiga hannun jama'a. Libre tana yin kwana 14, sababbin samfuranta 15, Dexcom G6 da G7 kwana 10. In wa'adin ya cika ta mutu ke nan, sai a ɓare a manna sabuwa.

Abin da ya kamata kowa a gidanku ya riƙe shi ne ba jini take aunawa ba. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki a ƙarƙashin fata take aunawa, kuma suga sai ya bi ta jini kafin ya iso wannan ruwa. Kamar farashin hatsi ne tsakanin Dawanau da kasuwar ƙauye. In kasuwa tana zaune, kuɗin kwano kusan ɗaya ne a wuraren biyu. In farashi ya fara gudu, sama ko ƙasa, kasuwar ƙauye a baya take ji. Jinkirin sensa wajen minti 5 zuwa 15 ne. Saboda haka in suga yana gangarowa da sauri, wayar za ta iya nuna 85 alhali jinin ya riga ya kai 65. Haka in kin ba Baba abu mai zaƙi bayan faɗuwa, jinin zai farfaɗo kafin wayar ta nuna. Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure: sun ba da sukari, bayan minti 5 sun duba waya sun ga ba ta motsa ba, sai su ƙara kofi, su ƙara wani, da safe a wayi gari da 280.

Wannan ya amsa tambayarki ta biyu. Huda yatsa zai ragu ƙwarai, amma kada ku yar da injin gwajinku, kuma kada tsinken gwaji ya yanke a gida. Duk lokacin da abin da waya ta nuna ya saɓa da yadda Baba yake ji, jinin yatsa ne alƙali. Kada kuma hankalinku ya tashi in kun gwada biyun kun ga bambanci. Waya ta ce 150, yatsa ya ce 170, wannan duk daidai ne. Bambancin da bai wuce kashi 20 cikin 100 ba ana ɗaukarsa a matsayin abin da aka saba. Shi kansa injin yatsa in kika gwada yatsu biyu a jere ba lallai ya ba ki lamba ɗaya ba, balle in ba a wanke hannu ba bayan an taɓa mangwaro ko dabino.

Kusa da lambar akwai kibiya, kuma ni a wurina ta fi lambar daraja. Ki ɗauka ƙarfe 10 na dare ne, Baba zai kwanta, waya ta nuna 110. In kibiyar tana kwance, ba laifi. In ta miƙe tsaye tana kallon ƙasa, a Libre ma'anarta suga yana raguwa da fiye da 2 a kowane minti, wato cikin rabin awa zai iya zubar da 60 ko fiye. Mai 110 da irin wannan kibiya bai kamata ya kwanta da cikinsa haka ba. Injin yatsa zai ba ki 110 a duka halayen biyu, ki yi masa sai da safe hankali kwance.

Sai ƙararrawa. Libre ta farko ba ta da ita, sai an kara waya ko 'yar na'urar karantawa a kan sensar kafin a ga lamba, kuma in aka wuce awa 8 ba a kara ba, abin da ta ajiye na baya yana gogewa. Irin wannan ba za ta tashe ku da ƙarfe 2 ba, don haka ba ita Baba yake buƙata ba. Libre 2 da waɗanda suka biyo bayanta, da Dexcom, suna yin ƙara in suga ya sauka ƙasa da inda aka saita. Ga dattijo na fi son a saita ƙararrawar ƙasa a 80, ba 70 ba, saboda jinkirin da na faɗa. Ta sama kuwa a makon farko ku kai ta can 250 ko fiye. In kun saita ta a 180 za ta yi ta kuka bayan kowane abinci, kwana uku Baba zai ce a kashe masa abin nan, ranar da ake buƙatarta kuma tana kashe. Wayar ta kwana a ɗakin da yake, domin in ta yi nisa fiye da 'yan taku, ko bango ya shiga tsakani, saƙon yana yankewa. Akwai manhajar da ke tura lambar zuwa wayar wani, ke a ɗakinki ko yayanku a Ingila, amma wannan sai da data a wayar Baba, kuma sai da caji. A gidan da wuta ba ta tsayawa, cajin wayar nan kafin a kwanta ya shiga cikin magani.

Tun da daga Ingila za ta zo, ga wani tarko da ba a cika faɗa ba. Ku kun saba da ma'aunin mg/dL, inda ake ganin 90, 180, 200. A Ingila mmol/L suke amfani da shi, kuma na'urar karantawa da aka saya a can da shi za ta yi magana. Za ki ga 5.5, in ba ki sani ba ki ɗauka suga ya ƙare a jikin Baba ki ruga neman sukari, alhali 5.5 shi ne 99, lafiya ƙalau. Ana ninka lambar sau 18 ne. Ki rubuta waɗannan a takarda ki manna a bangon ɗakinsa: 3.9 shi ne 70, 3.0 shi ne 54, 10 shi ne 180, 13.9 shi ne 250. Ƙasa da 3.9 faɗuwa ce, ƙasa da 3.0 kuma hatsari ne.

In ya faɗi ƙasa da 70 kuma yana cikin hayyacinsa, a ba shi kimanin giram 15 na sukari: ƙaramin cokalin shayi uku zuwa huɗu a narka a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba mai sukari. A jira minti 15, a gwada da yatsa. In bai hau ba a maimaita. In ya hau, a bi shi da ɗan abinci kamar yankan burodi. Shayi mai kauri da madara ba ya saurin aiki kamar sukari a ruwa zalla. In kuwa ba ya iya haɗiya ko ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Bayan mako biyu manhajar za ta haɗa muku rahoto, kuma shi likita zai fi so ya gani. A 2019 ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka cimma matsaya a kan yadda za a karanta shi. Ga yawancin masu ciwon suga, ana so suga ya zauna tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin 100 na lokaci, wato wajen awa 17 a yini, kuma kada zamansa ƙasa da 70 ya kai kashi 4, kusan awa ɗaya ke nan. Ga tsofaffi da masu rauni an sassauta ta sama, an tsananta ta ƙasa: kashi 50 a cikin iyaka ya isa, amma ƙasa da 70 kada ya kai kashi 1, wato kimanin minti 15 a yini. Baba a wannan rukuni yake. Na faɗi haka ne domin na san halin 'ya'ya masu kula: za ku ga layin da waya ke zanawa na hawa da saukar suga ya haura 200 bayan abincin rana ku ɗaga hankalin gida, ku hana shi wannan ku hana shi wancan. A shekarunsa, 200 na awa ɗaya ba ta kai 55 na cikin dare hatsari ba, ko kusa. Ita ta ƙasan ce ke jawo faɗuwa a banɗaki da karaya, tana kuma iya rikita bugun zuciya.

Na'urar tana da lokutan da take ƙarya, kuma gara ku san su tun yanzu. Ranar farko ba ta cika daidaito ba, sai zaren ya zauna a jiki. In Baba ya kwanta a kan hannun da take, nauyin jikinsa yana matse wurin, sai ta nuna faɗuwar da babu ita. A zanen za ki ga layi yana tafiya lafiya, kwatsam ya nutse, da ya juya kuma ya dawo inda yake. Amma kada ki yanke wannan hukunci da ido a tsakar dare, ki gwada yatsa. Zazzaɓi mai zafi da amai ko gudawa da suka busar da jiki su ma suna rage amincinta, kuma a irin wannan hali asibiti ake zuwa, ba waya ake kallo ba. Sai magunguna. Bitamin C mai yawa, sama da miligiram 500 a yini, yana sa Libre 2 ta nuna sama da gaskiya, kuma irin ƙwayar nan da ake jefawa a ruwa tana tafasa sau da yawa miligiram 1000 ce. Farasitamol da ya wuce ƙa'ida yana yi wa wasu samfuran haka. Akwai kuma hydroxyurea, maganin da masu sikila da dama ke sha a wajenmu, wanda ke sa Dexcom da ta kamfanin Medtronic su nuna suga ya hau alhali bai hau ba. Hatsarin duk iri ɗaya ne: mutum ya ga lamba ta ƙarya a sama ya ƙara insulin. Tun da na ambaci sikila, gwajin HbA1c, wato gwajin matsakaicin suga da ake yi duk wata uku, ba ya faɗin gaskiya sosai ga mai sikila ko mai ƙarancin jini, don haka ga irinsu sensar da ta dace da magungunansu takan fi nuna ainihin hali.

Wajen mannawa, a bayan damtse ake sa Libre, inda nama yake, ba kan tsoka ko tabo ba. A wanke wurin da sabulu, a goge da sifirit, a bar shi ya bushe ƙarau. Kada man shafawa ya kusanci wurin, basilin ne ko man kaɗanya, domin gam ba ya kama fata mai maiƙo. Ana ɗora abin mannawar a danna, za a ji ƙas, a ɗaga a hankali, sannan a bi gefen gam ɗin da yatsa a lallatsa shi. Wani lokaci ɗan jini kan fito ta tsakiyar, yawanci yana tsayawa da kansa. Sai a kara waya a tashe ta, a jira awa ɗaya kafin ta fara ba da lamba. Gara a manna da daddare bayan wanka, jiki ya huce, gam ya samu ya kama kafin zufar rana. A watannin Maris zuwa Mayu zufa ce babbar abokiyar gabarta, sai bakin ƙofa da hannun riga in ana cirewa da gaggawa. Filasta mai faɗi a kewaye gefenta yana taimakawa, amma kada a toshe ɗan ramin da ke tsakiyarta. In ta ɓare ba ta komawa, kuɗin ya tafi. In fatar ta yi ja tana ƙaiƙayi sosai ko ta yi ƙuraje, a cire a sauya hannu.

Wanka ba ya hana ta aiki, Libre tana jure ruwa har zurfin mita ɗaya na minti 30. Alwala ba ta isa wurinta tun da sama da gwiwar hannu take. Batun wankan wajibi kuwa, Baba ya tambayi malaminsa, ya bayyana masa cewa abu ne na lalura da in an cire ba ya mannuwa kuma. Waɗanda ba a buɗe ba, ku duba jikin kwalin, za ku ga ana so a ajiye su a inda zafi bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba gwargwadon samfur. Ɗakin kwano a Kano ko Sakkwato da azahar ya wuce haka. A sa su a ƙasan firji in akwai, ba firiza ba, in babu a sa a roba mai murfi kusa da randa. In za a yi masa hoton asibiti, musamman MRI, a gaya wa mai ɗaukar hoton akwai sensa a jikinsa.

Inda na fi jin daɗin na'urar nan shi ne maganar abinci, domin tana kashe gardamar da likita ya shekara yana yi da mara lafiya. Kusan duk mai ciwon suga a ƙasar nan an gaya masa ya bar shinkafa ya koma tuwon alkama ko acca, sai ya ɗauka waɗannan ba su da iyaka, ya tasa malmala uku a gaba. Alkamar da aka niƙa lukui sitaci ce, kuma layin zai nuna masa haka cikin awa ɗaya. Haka mai cewa zuma ba sukari ba ce, da mai shan lemon malt don ƙarin jini, da mai karyawa da koko ko kunu an zuba sukari, wanda kusan babu abin da ke harba suga da sauri kamarsa tun da ruwa ne, ba ya jiran tauna. Gani ya kori ji. Ki samo ɗan littafi, ki riƙa rubuta lokacin allura, lokacin abinci, abin da aka ci da yawansa. Ba tare da wannan ba, zanen layi ne kawai yana hawa yana sauka, ba wanda ya san dalili. Sannan ku yi gwaji da gangan, abu ɗaya a lokaci guda. Yau tuwon masara malmala biyu da miyar kuka. Gobe malmala ɗaya da rabi, a ƙara miya da ganye da nama ko kifi. Wata rana shinkafa zalla, wata rana garau-garau mai wake da yawa. Wata rana ya ci ya zauna, wata rana ya ci ya taka zuwa masallaci ya dawo. Ku dubi inda layin yake kafin ci, da inda ya kai bayan awa ɗaya da awa biyu. Abin da na saba gani shi ne wake da ganye suna kwantar da tudun, tafiyar minti 15 bayan abinci tana rage masa tsawo, kuma yawan abin da aka ci ya fi sunan hatsin tasiri. Amma jiki ya bambanta, na Baba ne za ku koya. Sharaɗi ɗaya: mai insulin gauraye ba ya rage abinci sosai ko ya tsallake shi ba tare da an gyara allura ba, don haka duk babban sauyi ya bi ta hannun likitansa.

Kada wani a gida ya mayar da wayar sandar duka. Dattijon da ake bi da "Baba me ka ci?" duk bayan awa ɗaya zai gaji, ya fara ɓoye abin da ya ci, ko ya ɓare abin ya huta. Ku zauna tare da shi sau ɗaya a yini, ku duba, ku bar shi ya faɗi abin da ya gani da bakinsa.

Ba zato ba ne cewa tana da amfani. Wani bincike da aka yi a Turai aka wallafa a 2016 ya nuna masu nau'in ciwon suga na ɗaya da suka yi amfani da Libre sun rage lokacin da suke yi cikin faɗuwar suga da kashi 38 cikin 100. Wani da aka yi a Amurka aka wallafa a 2021, a kan masu nau'i na biyu da ke allurar insulin, ya samu HbA1c ɗinsu ya fi na masu gwajin yatsa sauka da kusan 0.4 bayan wata 8. Tun 2022 hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce a ba duk mai nau'i na ɗaya irin wannan na'ura. Ga mai shan ƙwayar maganin suga ta metformin kaɗai kuwa, wanda sugansa ke zaune, ban ga dalilin ɗaura wa kai wannan kashe kuɗi kowane wata ba. Mai shan ƙwayar glibenclamide daban ne, domin shi yana kayar da suga, musamman ga tsofaffi. Masu lafiya da suka fara mannawa don gayu tun da aka fara sayar da wasu samfura ba da takardar likita ba a Amurka a 2024, kuɗinsu ne, amma hawan suga kaɗan bayan abinci ga mai lafiya ba ciwo ba ne.

Azumi kuma, zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi wa Baba daɗi ba. Mai shekara 68, mai insulin gauraye, wanda kwanan nan suga ya kayar da shi har sai da wani ya taimaka masa, yana cikin waɗanda ƙa'idojin likitoci kan ciwon suga da Ramadan suka sa a rukunin hatsari mai yawa, kuma shawararsu kada ya yi. Sensa ba ta fitar da shi daga wannan rukuni. Tana faɗakarwa ne, ba ta hana faɗuwa. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, malaminsa zai yi masa bayanin ramuwa ko ciyarwa. In an gyara allurarsa, watanni suka wuce ba faɗuwa, rahoton sensa ya nuna dare lafiya, to sai a zauna da likita wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan a sake duba maganar. Duk mai ciwon suga da ya ɗauki azumi, ƙa'idar ita ce ya karya nan take in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko da saura minti 10 a sha ruwa. Gwajin yatsa ba ya karya azumi. Wuraren da layin ya fi nuna matsala su ne bayan La'asar, inda yake gangarowa, da bayan buɗa-baki, inda kunu da ƙosai da dabino da zoɓo mai sukari ke haɗuwa su kai shi sama har bayan Asham.

Saura kuɗi. Mai kwana 14 tana nufin sensa 26 a shekara, kuma farashinta dala yake bi. Guda ɗaya ta fi kwali ɗaya mai tsinken gwaji 50 a ciki tsada nesa ba kusa ba. In yayanku zai iya ɗaukar nauyin ba yankewa, madalla. In ba zai iya ba, kada ku taɓa kuɗin insulin ko na tsinken gwaji don ku saye ta. Ku yi amfani da ita a matsayin bincike: biyu a jere yanzu, wata guda ke nan, a gano abin da ke faruwa cikin dare a gyara allura, sannan ɗaya duk bayan wata uku kafin ganin likita, ko lokacin da aka sauya magani. Tsakanin nan ku koma yatsa, amma yanzu kun san lokutan da ya kamata a gwada, har da ƙarfe 2 ko 3 na dare lokaci-lokaci.

Ga abin da za ki gaya wa yayanku kafin ya saya. Ya ɗauko mai ƙararrawa. Ya haɗo da 'yar na'urar karantawa daga ƙasar da ya sayi sensar, domin kamfanonin suna kulle kayansu da yanki: sensar Amurka ba ta aiki da abin karantawar Turai, kuma manhajar ba kowace waya take hawa ba, ba kuma a kowace ƙasa ake samunta ba. In da waya za ku yi, a tabbatar tana cikin jerin waɗanda kamfanin ya amince da su, kuma tana da NFC, wato abin da ke sa waya ta karanta sensa in an kara ta a kai. Ya duba ranar lalacewa a jikin kowane kwali, kada ya tara na shekara guda su mutu a ajiye. In kuma a nan gida za ku ƙara saye, ku saya a babban kantin magani da ke da sanyi, kwali a rufe, ba a hannun mai talla a Facebook ba. Agogon hannu da zoben da ake tallatawa wai suna auna suga ba tare da huda fata ba, kada ya ɓata kuɗinsa a kansu. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma mai insulin da ya dogara da lambarsu yana iya yi wa kansa allurar da ba ta dace ba.

Kafin saƙon ya iso, daga daren yau, ku gwada Baba da yatsa kafin ya kwanta, ku sake gwadawa wajen ƙarfe 2 na dare har kwana uku ko huɗu, ku rubuta. Da wannan takardar za ku je wurin likitansa.